Maigidana ya karye, yana cewa shi yanzu ba kowa ba ne

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kano ta rubuto cewa maigidanta ɗan kasuwar atamfa da shadda ne, ya fi shekara ashirin yana sarin kaya daga waje yana raba wa masu sayarwa ɗaiɗai. Faɗuwar darajar naira ta cinye masa jari, bashi ya hau kansa, ya sayar da mota da fili, yanzu kuma dillanci yake taɓawa a bakin shagon wani da ya taɓa zama yaronsa. Ta ce ba su rasa abin kaiwa baka ba, amma mutumin ya sauya. Ya daina zuwa ɗaurin aure da suna, ya canza masallacin da yake salla, ba ya ɗaga wayar tsofaffin abokansa, kuma yakan ce mata, "Ni yanzu ba kowa ba ne." Tana tambaya ko wannan raunin imani ne, ko kuwa da ma kuɗin ne mutumin, kuma me ya kamata ta yi.

Amsa: Malama, Allah ya warware muku, ya mayar da mafificin alheri. Na daɗe ina nazarin zamantakewar 'yan kasuwa da iyalansu, na kuma zauna da magidanta da dama da suka shiga irin halin da maigidanki yake ciki, saboda haka zan fara da abin da na fi tabbata da shi, wato kada ki yi saurin ɗora wannan a kan raunin imani. Mutum yana iya yarda da ƙaddara da zuciya ɗaya, yana salla a kan lokaci, amma ya kasa gane kansa bayan dukiyarsa ta tafi, domin a tsawon shekara ashirin dukiyar nan ta riga ta shiga sunan da ake kiransa da shi, da wurin da ake zaunar da shi a taro, da irin gaisuwar da ake yi masa, har da dalilin da yake sa ya yi wanka da safe ya sa hula ya fita.

Harshenmu da kansa yana ba da shaida a kan haka. Da kalma ɗaya muke faɗin halin mutum da abin hannunsa: mai haƙuri, mai kunya, mai kirki, sannan mai kuɗi, mai mota, mai gida. A kasuwa kuwa sau da yawa sunan yanka ɓacewa yake yi, a koma kiran mutum Mai Atamfa, ko Mai Goro, ko Mai Shadda, har 'ya'yansa su gaji laƙabin su rubuta shi a takardar makaranta. Idan saurayi ya samu abin yi ya fara riƙe kansa, sai mu ce ya zama mutum, kamar a da can ba mutum ba ne. Idan kuma jari ya ƙare, ba mu cika cewa jarinsa ya karye ba. Cewa muke yi wane ya karye. Wanda ya tashi yana jin wannan magana tun yana yaro, ya kuma faɗe ta a kan wasu ba sau ɗaya ba, ba abin mamaki ba ne ranar da abin ya zo kansa ya ɗauki maganar yadda take, ya ji shi ɗin ne ya karye.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan, kuma bai taƙaita ga Bahaushe ba. Tun a 1890 masanin nan Ba'amurke William James ya rubuta cewa abin da mutum yake kira "ni" ya haɗa da duk abin da yake iya cewa "nawa ne", daga jikinsa da tufafinsa zuwa gidansa, da iyalinsa, da sunansa, da aikinsa, da abin da yake da shi a banki, kuma idan waɗannan suka ƙaru yakan ji ya ƙaru, idan suka ragu ya ji ya ragu. A 1988 Russell Belk ya faɗaɗa wannan tunani, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa sata ko bala'i ya cinye musu kaya sukan shiga wani yanayi mai kama da makoki. Akwai kuma wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, inda aka raba wa rabin ɗaliban wani aji kofin shan shayi kyauta, sannan aka tambayi waɗanda suka samu nawa za su sayar, waɗanda ba su samu ba kuma nawa za su saya. Masu kofi sun nemi kusan ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya, alhali bai fi 'yan mintuna da zama nasu ba. To, idan kofin da aka riƙe na ɗan lokaci yana iya manne wa zuciya haka, ina ga shagon da mutum ya buɗe da hannunsa kowace safiya har gashin kansa ya fara fari?

Sai dai wannan bayani bai isa ya fassara halin maigidanki ba, domin waɗancan masana sun fi mayar da hankali ga mallaka, alhali a ƙasar Hausa ƙimar dukiya ta fi bayyana a wajen bayarwa. A nan nake son ki tsaya ki duba da kyau. Attajirin Bahaushe, tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ba a auna shi da abin da ya ɓoye a ɗaka. Ana auna shi da yawan mutanen da suke ci a ƙarƙashinsa, da yaran da ya ba jari suka tsaya da ƙafafunsu, da baƙin da suke sauka a gidansa, da kuma yawan waɗanda za a ba su kaya bashi saboda ya ce ya tsaya musu. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, ya fara da fataucin goro kafin ya koma gyada bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma labarin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929 ya shahara. Amma ƙarfinsa na gaskiya yana cikin ɗimbin wakilai da yaran da ya ba kuɗi suka bazu ƙauyuka suna saya masa gyada, waɗanda suka dogara da shi, shi ma ya dogara da amanarsu. Wannan tsari na ubangida da yaransa shi ne ƙashin bayan kasuwancinmu har gobe, daga Kurmi zuwa Kwari zuwa Maraɗi, har zangon Hausawa a Kumasi da Sabo ta Ibadan.

Na san wani ɗan kasuwa a cikin birni wanda kowace safiya, kafin ƙarfe takwas, zaurensa yakan cika. Akwai tabarma biyu da darduma ɗaya tasa, akwai babban flas na shayi da tiren ƙosai, kuma a aljihun gaban rigarsa kullum akwai sababbin kuɗi ƙanana da ya sa a canzo masa tun jiya. Wannan ya zo da takardar magani, wancan matarsa ta haihu, wani kuma gaisuwa kawai ya zo yi amma ba zai tafi hannu rabbana ba. Da kasuwa ta juya masa baya, na je gaishe shi wajen ƙarfe takwas ɗin nan. Tabarmin suna naɗe a jingine da bango, shi kaɗai ne a kan dardumar, kuma na lura cewa duk lokacin da wani ya yi sallama daga waje, hannunsa yakan tafi aljihun gaba da kansa, sannan ya dawo da shi a hankali ya ɗora a gwiwa. Da muka yi nisa da hira ya ce mini bai taɓa kewar motarsa ba, abin da yake hana shi barci shi ne wata tsohuwa da ta saba zuwa duk Juma'a, wadda yanzu yake jin muryarta daga soro ya ce a ce mata ba ya nan.

Ina kyautata zaton wannan ne ciwon maigidanki. Ba ya gudun ɗaurin aure don rigarsa ta tsufa. Yana gudunsa ne domin a can ne maroƙi zai kira sunansa da tsohon kirarinsa, a can ne yaran unguwa za su taso su kewaye shi, a can ne ɗan'uwa zai ja shi gefe ya raɗa masa wata buƙata, shi kuma ba shi da abin da zai sa hannu ya ciro. Hadisi ya inganta cewa hannun sama ya fi hannun ƙasa, wato mai bayarwa ya fi mai karɓa, kuma mutumin da ya rayu yana hannun sama, ya gina mutuncinsa a kan haka, zama a bakin shagon tsohon yaronsa yana jiran la'ada ba ƙaramin abu ba ne a gare shi, ko da yaron yana girmama shi iyakar girmamawa.

Kalmar Alhaji ma ta isa misali. A da, wanda ya je Makka yakan tafi a ƙasa ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya yana aiki yana tara guzuri, wasu su rasu, wasu su zauna can, abin da ya sa har yau akwai al'ummar Hausawa masu yawa a Sudan. Laƙabin shaida ne na wahala da ibada. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiyar, musamman a shekarun 1970 da kuɗin mai suka yawaita, sai kalmar ta fara ɗaukar wata ma'ana ta biyu, har ya zama ana ce wa duk mai babbar riga da mota Alhaji ko bai taɓa ganin Jidda ba. A Maraɗi manyan 'yan kasuwa gaba ɗaya Alhazai ake kiransu. Da kuɗin kujerar aikin Hajji ya haura naira miliyan 8 a 2025, laƙabin ya ƙara zama alamar hali. Saboda haka idan aka ce wa wanda ya karye "Alhaji", yakan ji kamar ana tuna masa da abin da ba ya iya cikawa, ko da mai kiran bai nufi komai ba.

Yana da kyau kuma ki san cewa abin da ya same shi ba sakaci ba ne lallai, domin shi kansa yana bukatar ya ji wannan daga bakin wanda ya yarda da shi. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500, ga kuma cire tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ninka kuɗin dakon kaya ya kuma rage abin da mai saye yake iya kashewa a kan sutura. Ki duba lissafin mai sari. Ya shigo da kaya, ya raba su bashi ga 'yan kiri a kan farashin yau, za su biya bayan wata biyu ko uku. Kafin kuɗin su dawo, dala ta tashi, abin da ya karɓa da ribarsa duka ba zai sake sayo yawan kayan da ya fitar ba. A littafi ya ci riba, a sito kuwa kaya sun ragu, kuma idan hakan ta faru sau uku a jere, jari ya tafi ba tare da an sace ko sisi ba. 'Yan kasuwar Nijar sun ɗanɗana irin wannan a Janairun 1994, lokacin da aka zabge darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Matsalar ita ce ɗan kasuwa, a lokacin da yake samu, yakan jingina samun ga iyawarsa da wayonsa, ko da bakinsa yana cewa nufin Allah ne. Wanda ya ɗauki riba a matsayin shaidar cewa shi gwani ne, dole ya ɗauki asara a matsayin shaidar cewa shi ba komai ba ne. Alƙur'ani ya kawo maganar Ƙaruna a Suratul Ƙasas, inda ya ce an ba shi dukiyar ne saboda wani ilimi da yake da shi, kuma ɗan guntun wannan tunani yana cikin zuciyar kusan kowane mai nema, har da salihai.

Game da sauyin hali da kike gani, kamar mantuwa, da saurin fushi, da yin shiru a tsakiyar magana, akwai binciken da zai taimaka miki. A 2013 wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, suka gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da hannunsu yake a bushe bashi ya yi musu yawa, da kuma bayan girbi da kuɗi suka shigo. Mutanen nan dai su ne, amma sakamakonsu a gwajin kaifin tunani ya fi kyau sosai bayan girbi. Abin da masanan suka fahimta shi ne tunanin bashi da rashi yana cinye wani kaso na hankalin mutum, kamar yadda wayar da aka buɗe mata abubuwa da yawa take yin nauyi. Idan kin yi masa magana ya dube ki kamar bai ji ba, mai yiwuwa ne a lokacin yana lissafin wanda zai zo karɓar kuɗinsa ranar Asabar.

Ke ma, Malama, kin san wannan al'amari ta wata fuskar, wataƙila fiye da shi. Ɗakin matar Bahaushe shi ne takardar shaidarta. Tun zamanin jeren ƙwarya da tasoshi, zuwa kwalla da samira, zuwa tangaran a cikin kabad, zuwa kujeru da firji na yau, mata suna shiga ɗakin amarya su karanta gidan da ta fito, da ƙoƙarin uwarta, da yawan danginta, ba tare da an ce musu komai ba. Kayan nan mallakinta ne a shari'a da al'ada, su ne asusunta na ranar wuya, shi ya sa macen da ta kai ga fitar da gadonta ko sarƙarta ta zinariya ga dillaliya takan yi shi da dare ko ta ƙofar baya. Haka kuma bikin da mata suke yi wa juna, inda ake riƙe lissafin abin da wance ta kawo don a mayar mata da ƙari ranar nata, ya wuce batun kuɗi, domin wadda ta kasa mayar da biki takan ji ta fita daga sahun mata. Idan kin tuna yadda za ki ji a ce bikin babbar ƙawarki ya zo ba ki da abin kaiwa, kin kusa gane abin da yake hana maigidanki zuwa ɗaurin aure.

Addini bai musanta wannan rauni na ɗan Adam ba. Ya ambace shi ƙarara, sannan ya gyara shi. A Suratul Fajri Allah ya ce idan ya jarrabi mutum ya yalwata masa, sai ya ce Ubangijina ya girmama ni, idan kuma ya jarrabe shi ya ƙuntata masa arzikinsa, sai ya ce Ubangijina ya wulaƙanta ni, sannan aya ta gaba ta fara da "A'a". Duka fassarorin biyu kuskure ne, kuma ki lura cewa na farkon ne yake haifar da na biyun. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wadata ba yawan kaya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Amma shi ɗin dai ya koyar da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da nauyin bashi da rinjayen mazaje, ya jera su wuri ɗaya, abin da yake nuna cewa an san bashi yana taɓa mutuncin namiji, kuma jin zafinsa ba fita daga tawakkali ba ne. Don haka ban ga amfanin a riƙa yi wa maigidanki wa'azin cewa duniya ba komai ba ce ba. Ya san wannan, wataƙila ya sha faɗa wa wasu, kuma idan ya ji shi daga bakin wanda bai rasa komai ba, zai ƙara jin cewa ba a fahimce shi ba.

A nan dole in faɗi wani abu da yake damuna game da mu kanmu. Muna da kalmomi masu kyau da suke raba mutunci da dukiya. Muna da rufin asiri, wanda yake nufin mutum ya ci, ya sha, ya suturta iyalinsa ba tare da ya roƙi kowa ba, kuma iyayenmu sun ɗauke shi babban matsayi da ake roƙon Allah ya bayar. Muna da mutumin kirki, wanda ake aunawa da gaskiya, da amana, da haƙuri, da kunya, ba da abin hannunsa ba. Kalmar talaka ma asalinta wanda ba ya riƙe da sarauta take nufi, shi ya sa lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da abokansa suka iya mayar da ita sunan alfahari, har 'yan kasuwa masu abin hannu suka shiga ƙarƙashinta. Amma a aikace mun bar waɗannan ma'aunai suna shuɗewa. Mu ne muke tashi tsaye idan mai kuɗi ya shigo, mu ci gaba da hira idan malamin makarantar firamare ya yi sallama. Mu ne muke ƙirga akwatunan lefe mu ɗauki hotonsu mu watsa a waya. Mu ne a taron dangi muke jiran ra'ayin ƙaramin da ya samu, mu tsallake babban da bai samu ba. Maigidanki bai ƙirƙiro maganar "ba kowa ba" daga kansa ba. Ya ga yadda aka yi wa waɗanda suka karye kafin shi, yana kuma gudun ya ga an yi masa haka da idonsa.

Abin da za ki iya yi yana farawa daga cikin gida, kuma mafi muhimmanci shi ne kada ki bari ya rasa matsayinsa na mai bayarwa gaba ɗaya. Idan kina da sana'a kuma ke ce kike ɗaukar wani nauyi yanzu, Allah ya saka miki, amma ki yi shi da hikima. Kuɗin cefane ko na makarantar yara, idan zai yiwu, su bi ta hannunsa, yara su ci gaba da zuwa wurinsa da buƙatunsu, kada su koyi cewa Baba ba shi da amfanin tambaya. Idan almajiri ya yi bara ko maƙwabciya ta aiko, ki bar shi ya miƙa ko da loma ɗaya ce. Ki riƙa neman shawararsa a kan abin da ya sani, domin mutumin da ya shekara ashirin yana taɓa yadi ya san bambancin shadda mai kyau da ta bogi da yatsunsa, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, kuma wannan ilimi bai faɗi tare da naira ba. Ki kiyaye harshenki a gaban danginki da ƙawayenki, ko da ranki ya ɓaci, saboda kalma ɗaya ta gori da ta dawo kunnensa daga waje za ta rushe aikin wata shida.

Batun bashi kuwa kada a bar shi a cikin duhu, domin bashin da ba a ƙirga ba ya fi wanda aka ƙirga nauyi a zuciya. Ki ƙarfafa masa guiwa ya zauna da wani amininsa ko dattijon layinsu a kasuwa, a rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bin wasu, a je wurin masu kuɗin ɗaya bayan ɗaya a nemi lokaci. Kasuwanninmu suna da dattawa da shugabannin ƙungiya da suka saba sasanta irin wannan, kuma mai bin bashi ya fi sauƙin kai ga wanda ya zo da ƙafarsa fiye da wanda ya kashe waya. Alƙur'ani ya umarci a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ya kuma sanya waɗanda bashi ya yi wa katutu a cikin mutum takwas da suka cancanci zakka, saboda haka idan wani daga cikin tsofaffin yaransa ya kawo masa zakka don a rage bashi, haƙƙinsa ne da Allah ya ba shi, kuma yana da kyau wani malami da yake girmamawa ya faɗa masa haka. Labarin Abdurrahman bin Auf zai fi yi masa amfani fiye da dogon wa'azi. Ya isa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa, ya fara da ɗan cuku da man shanu. Dillancin da maigidanki yake yi a bakin shagon yaronsa daga wannan babin yake, kuma sunansa na mai amana, idan bai ɓata shi da gudun masu bashi ba, shi ne abin da zai sa wani ya sake ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi.

Akwai kuma iyakar da idan aka kai ta, haƙurinki da dabararki ba za su wadatar ba. Idan ya fi mako biyu ba ya barci ko ba ya cin abinci, ya daina kula da tsabtar jikinsa, ya daina jin daɗin duk abin da ya saba so, ko kuma ya fara cewa gara ya mutu, ko ku za ku fi samun sauƙi idan ba ya nan, to wannan ciwon damuwa ne, cuta ce da likitoci suka sani kuma suke magance ta. Kada ki ɓoye shi da sunan rufin asiri. Ki sanar da wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, a kai shi asibiti ya ga likita, a haɗa da addu'a, kuma idan ya ambaci mutuwa kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gobe. Hawan jini ma yakan biyo bayan irin wannan karaya, don haka ko ba komai a riƙa auna shi.

Game da komawa cikin mutane, kada ki matsa masa ya fara da babban taro. Ki nemi amini ɗaya daga cikin waɗanda yake ƙin ɗaga wayarsu, wanda kika tabbata don Allah yake tare da shi, ki aika masa ta bakin ɗan'uwanki ko ɗanku cewa ya zo gida da kansa bayan la'asar, ba tare da ya zo da kuɗi a ambulan ba kuma ba tare da ya tayar da maganar kasuwa ba. Idan ya zo sau biyu ko uku, shi ne zai ce masa ranar Asabar akwai ɗaurin auren 'yar wane, zan biyo mu tafi tare. Ke kuma ki wanke babbar rigarsa, ki kai wa mai guga, ki ajiye masa ita a inda zai gani tun daren Juma'a.